Katin Ranar Ruwan Sama

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa motar 'yan wasan ƙungiyar ƙwallon garinmu, kuma duk tsawon shekarun nan mutum ɗaya ne yake zama a kujerar da ke gefena. A fili Koci ake ce masa. Tsofaffin 'yan kallo da suka san shi tun yana buga baya suna kiransa Katanga. Ni kuwa Yaya nake ce masa, domin ƙanwarsa nake aure, kuma ta hannunsa na samu aikin, ba abin ɓoyewa ba ne. Ranar da na fara ya dube ni ya ce, "Ka ga, a gida kai mijin ƙanwata ne. A nan kuwa direba ne kai. Ka makara da minti biyar, in bar ka a bakin titi in ja motar da kaina." Bai iya mota ba, har yau ma bai iya ba, amma ban taɓa gwada shi ba.

Koci ɗan mai gyaran takalma ne. Ƙungiyar ta ɗauke shi yana da shekara goma sha tara, ya yi shekara takwas yana tsare mata baya, har ranar da wani ɗan gaba ya hau masa gwiwa da ƙasan takalmi. Tun daga ranar ƙafarsa ta hagu ta daina lanƙwashewa yadda ya kamata, shi ya sa ma kujerar gaba ta zama tasa, don ya samu wurin miƙe ta. Da wani ne, da ya bar harkar ya kama sana'ar ubansa. Shi ya zauna. Ya ɗauki buhun ƙwallaye, ya busa wa 'yan benci usur, ya zama mataimaki, ya tafi kwas sau uku ya dawo da takardun shaida, matarsa ta sa su a gilashi ta rataye a falo. A kan idonsa aka kori koci bakwai kafin kujerar ta zo kansa, saboda haka ya san irin kujerar da ya hau.

Masu zama a inuwa suna cin gyaɗa suna zagi sun ɗauka aikin koci shi ne ya tsaya a bakin layi minti casa'in yana ɗaga hannu yana ihu. Ni da na ga sauran kwana shidan sai dai in yi dariya. Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar 'yan kallo, rufinsa a karkace, in ka miƙe da sauri sai kanka ya gaisa da siminti. Tebur ɗaya, kujera biyu, allo, da tsohuwar talabijin, ga warin man zafi da jiƙaƙƙun safa ya kama bango. A nan yake wuni ranar Litinin yana kallon bidiyon wasan da ya wuce, ya tsayar, ya mayar baya, ya sake tsayarwa, don kawai ya gano wa ya saki mutuminsa a minti na sittin da uku. Shi ke tsara atisaye, wa zai yi gudu, wa zai huta, wa mai tausa zai duba. Shi ke zuwa leƙen ƙungiyar da za mu kara da ita, ya zauna cikin 'yan kallonsu ya ja hula ya rufe fuska, alhali tafiyarsa kaɗai ta isa ta tona masa asiri. Ya san ɗan wasan da ya yi faɗa da matarsa, da wanda uwarsa ke asibiti, da wanda ya fara bin abokan banza, don ya ce duk wannan a ƙafa yake fitowa. In an ci wasa 'yan jarida suka miƙo masa abin magana, sai ya ce yara sun yi ƙoƙari. In an sha kashi ya ce shi ne bai tsara daidai ba.

Ranar wasa kuwa wayarsa a aljihuna take wuni. Tun a mota yake miƙo mini ita, domin da zarar an take wasa manyan gari ke fara bugowa, kowa da wanda yake so a cire da wanda yake so a sa. Ni ke amsawa in ce Koci na fili, za a gaya masa. Ban taɓa gaya masa ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Akwai wani babban ɗan kasuwa da ya yi shekara uku yana ba ni umarnin canji, in aka yi dace Koci ya yi canjin da ya faɗa, sai ya bi gari yana cewa shi ke juya ƙungiyar daga ɗakinsa.

Mutanen gidan Koci su suka ji jiki. Matarsa malamar firamare ce, Malama muke ce mata, 'ya'yansu uku duk mata. A kan teburin cin abinci yake jera murafen kwalba, ja goma sha ɗaya, fari goma sha ɗaya, yana tura su da yatsa, abinci na hucewa a gefe. Malama kan ce, "Mu huɗun nan 'yan benci ne, shekara da shekaru muna jira a sa mu." Ranar da babbar 'yarsa ta haihu muna kan hanya, tafiyar awa tara. Aka bugo masa, ya yi hamdala, ya kashe wayar, ya juya baya ya tambayi gola ko yatsansa ya daina ciwo. Na so in taka birki in sauke shi a dajin.

Amma abin da aka fi saninsa da shi, wanda kuma shi ya kai mu inda muke yau, shi ne takardar sunaye. Kafin kowane wasa ana cike wata takarda da sunayen goma sha ɗayan da za su fara da na 'yan benci, koci ya sa hannu, a miƙa wa alƙalin wasa. A da Sakataren ƙungiya ne ke cikewa, koci dai ya rattaba hannu. Ta wannan ƙofa ce ɗan abokin wane da ƙanin matar wane suke tsintar kansu a benci ba tare da sun taɓa zubar da gumi a atisaye ba. A watansa na farko Koci ya karɓi takardar ya ga wani suna da bai sani ba. Ya yaga ta gida biyu a gaban Sakatare, ya ɗauki sabuwa, ya cike da hannunsa. Daga ranar ya ce takardar sunaye tasa ce, ƙirgen kati ma nasa ne.

Ƙirgen kati ba abin wasa ba ne. Dokar gasarmu ita ce, ɗan wasan da ya tara katin gargaɗi biyar dole ya zauna wasa ɗaya. In ka sa shi ya buga, ko da kun ci, za a ƙwace makin a ba abokan karawarku. Hukumar gasa ba ta tuna wa kowa, kowace ƙungiya ita ke ƙirga nata. Koci yana da wani baƙin littafi da yake ɗaurewa da roba, kowane wasa da shafinsa, kowane kati da sunan mai shi da mintin da aka ba shi. Shekara goma littafin nan bai taɓa ba shi kunya ba.

Sakatare kuwa ya ƙullaci abin. Dattijo ne mai tsabtar riga da son a gaishe shi da kyau, kuma a gaban yara aka yaga masa takarda. Abin da ya ce kawai shi ne, "Shi ke nan, Koci, tunda ka iya." Daga nan gaisuwa ce kaɗai ke haɗa su. Duk wasiƙar da ta zo daga hukuma sai ya karanta, ya huda ta, ya sa a fayil, ya kulle durowa. Ba a tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba.

Kakar wasanmu ta ƙarshe ta zo a karkace tun daga farko. Mai ƙungiyar, wanda muke kira Ciyaman, mai masana'antar robobi ne da ya karɓe ta daga hannun mahaifinsa ba don yana so ba. Ya sayar da 'yan gabanmu biyu da suka fi kowa cin ƙwallo, bai kawo kowa ba. Muka yi wasa bakwai ba mu ci ko ɗaya ba. Sai Ciyaman ya tara mu a tsakiyar fili, 'yan wasa da ma'aikata, bai ko cire baƙin gilashinsa ba, ya ce, "Ba zan yi muku kwana-kwana ba. In ƙungiyar nan ta faɗa ƙaramin rukuni, na rufe ta. Akwai masu son filin su gina shaguna, ni ke ja musu rai." Mu arba'in da ɗaya ne a tsaye a wurin, in an haɗa da mai wanki, da mai yankan ciyawa, da mai tausa, da mai gadi, da ni. Kowannenmu da bakunan da ke jiransa a gida.

Koci bai yi dogon jawabi ba. Ya duba abin da ya rage masa ya ga ba mai ci, sai ya ce to mu ma kada a ci mu. Ya ja kowa baya, ya ɗora wasan gaba ɗaya a kan wani ɗan tsakiya da ake kira Almakashi, don in ya shigo sai ya yanke ƙwallo ya haɗa da ƙafar mai ita. Wasanmu ya koma marar daɗin kallo, 'yan kallonmu ma ihu suke yi mana, amma maki ya fara shigowa ɗaya-ɗaya. Alƙalan wasa kuwa sun san Almakashi kamar yunwar cikinsu, tun kafin ya iso hannunsu ke aljihu.

A mako na goma sha biyu muka je wani wasa a waje, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina tsaye a bakin layi ina riƙe wa Koci lema lokacin da Almakashi ya kwashe wani, alƙali ya ɗaga masa kati. Minti biyar bayan haka ƙwallo ta daina tafiya, in an buga sai ta tsaya cak cikin ruwa, dole aka tashi wasan a minti na talatin da ɗaya. Hukuma ta ce a sake shi daga farko wata rana. A hanyar dawowa na ga Koci ya buɗe littafinsa a kan cinya, ya ja dogon layi daga kusurwa zuwa kusurwa a kan shafin ranar. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ya ce, "Wasan da aka soke ba wasa ba ne. Ba ci, ba kati." Haka dokar take tun yana ɗan wasa, haka ya san ta shekara talatin. Na ci gaba da tuƙina, ban sake tunawa da maganar ba.

Muka yi ta jan ciki har wasan ƙarshe. Lissafin ya fito fili, ko mai tallan ruwa a ƙofar fili ya san shi: tsakaninmu da abokan karawarmu na ranar, ɗaya zai faɗa. In mun ci mun tsira. In an yi canjaras ko an ci mu, mun tafi. Ana gobe wasa na kai wa Koci saƙo ofis na same shi yana bin littafin da yatsa. Ya ce, "Almakashi huɗu. Zai buga." Ya rubuta sunansa a takarda da irin rubutun nan nasa na ɗan aji uku, ya sa hannu a ƙasa.

Ba zan ce wasan ya yi kyau ba. Muna tare gida suna kawo hari, Almakashi na sharar tsakiya, ni kuwa wayar Koci na ta tsalle a aljihuna. A hutun rabin lokaci na leƙa ɗakin canza kaya da jarkar ruwa, na ɗauka zan tarar yana zuba musu wuta. Sai na same shi a tsugune, da wannan ƙafar tasa, yana ɗaure wa wani igiyar takalmi yana ce musu a hankali su yi haƙuri, dama ɗaya za ta zo, kada wanda ya nemi zama gwarzo. Da aka dawo ya cire ɗan gabanmu ya sa wani dogon ɗan baya da bai buga wasa ba tun farkon kaka, fili ya ɗauka da zagi. Saura minti bakwai muka samu bugun kwana, aka ɗago, dogon nan ya sa kai, ƙwallo ta shiga raga. Ban san lokacin da na rungume mai yankan ciyawa ba, mutumin da muka yi shekara biyu ba ma ga maciji. Da aka busa tashi, waɗanda suka wuni suna zagin iyayen Koci su suka ɗaga shi sama, yana ta roƙonsu su kula da ƙafar. Da yamma Malama ta kira matata ta ce mijinta ya ci abinci har ya nemi ƙari, ya kuma ɗauki jikarsa ya yi mata wasa.

Kwana uku muka yi muna murna. A na huɗu Ciyaman ya aiko a kawo Koci ofishinsa na masana'anta, aka ce ni ma in shigo. Sakatare na zaune da fayil a cinya. Ƙungiyar da muka doke ta kai ƙara hukuma, ta ce a ƙirgenta Almakashi kati biyar gare shi, bai kamata ya buga ba. Koci ya yi murmushi ya zaro littafinsa, ya fara karantowa wasa bayan wasa. Sakatare ya bari ya gama, sannan ya buɗe fayil ya zaro wata wasiƙa ya ajiye a kan tebur. Ashe kaka biyu ke nan da hukuma ta canza dokar. In an tashi wasa, ci ya goge, amma kati yana nan daram.

Koci ya karanta sau biyu. Ya ce, "Malam Sakatare, wannan tana wurinka shekara biyu?"

"Tana fayil."

"Ba ka nuna mini ba."

"Kai ka ce harkar kati ba tawa ba ce. Ni kuma ba na shiga abin da ba nawa ba."

Wallahi na so in shaƙe tsohon nan. Amma na gane bai taɓa zaton fushin nasa zai kai nan ba, kuma shi ma a ƙungiyar yake ci.

Ciyaman ya ɗaga hannu ya ce a bar tone-tone, akwai mafita. Takardar rahoton alƙali ta ranar ruwan ta jiƙe, lambar ɗan wasan da ya rubuta ta dagule, ma'aikacin hukuma ne ya ɗora katin a kan Almakashi bisa zato. An tuntuɓi alƙalin ya ce shi bai tuna ba, ranar kowa taɓo ne daga sama har ƙasa. Muna kuma da wani ɗan wasa da muke kira Kurma, don ba ya jin usur, tsayinsu ɗaya da Almakashi, ya buga wasan ruwan, kuma ya bar ƙwallo tun tsakiyar kaka ya koma shagon yayansa. An yi masa magana ya ce a ɗora masa kati goma ma bai damu ba. Abin da ya rage kawai shi ne a samu wanda hukuma za ta yarda da maganarsa.

"Koci," in ji Ciyaman, "in ni na faɗa dariya za su yi. In kai ka faɗa sun yarda. Shekara talatin ba wanda ya taɓa kama ka da ƙarya. To me kake tara gaskiyar nan ka yi da ita, in ba don rana irin wannan ba?"

Ciyaman ya juyo gare ni ya ce an ce ni na riƙe lema a ranar, wa na ga an ba kati? Na ce, "Kurma ne, ranka ya daɗe, da idona na gani." Ko ɗar ban ji ba. 'Ya'yana biyar.

Kwana takwas aka sa kafin zaman sauraron ƙarar. A cikinsu ƙafa ba ta ɗauke daga gidan Koci ba, kuma ba wanda ya aiko kowa. Mai wanki ya zo ya zauna a bakin ƙofa, ya yi gaisuwa, ya kasa ƙara komai, ya tashi ya tafi. Gola ya zo da mahaifinsa. Almakashi ya zo, ƙaton nan da 'yan gaba ke gudu, ya durƙusa a tsakar gida yana kuka yana cewa shi ne sanadi, ga matarsa da ciki wata takwas. Koci ya ɗago shi ya ce, "Kai aikinka ka yi. Ni na rubuta sunanka." Matata ta je ta ce masa, "Yaya, ba mutum za ka kashe ba. Suna ɗaya za ka faɗa a madadin wani, mai sunan ma ya yarda." Malama ce kaɗai ba ta ce masa yi ko bari ba. Ta dai kwashe murafen kwalban daga kan tebur ta zuba a gwangwani, shi kuma bai tambaya ba.

Ni kuwa nawa atisayen na shiga. In na gama wanke mota sai in zauna a kujerata in dubi madubi in ce, "Kurma ne, ranka ya daɗe, ina tsaye dab da su." Har na kai in na rufe ido Kurma nake gani alƙali na ɗaga wa kati.

Zaman da ƙarfe goma na safe ne, a hawa na uku na ofishin hukuma. Koci ya sa farar rigarsa ta zuwa taro. A hanya na tambaye shi sau biyu me ya yanke, ya ce in kula da titi. Ya hau matakalar nan ɗaya-ɗaya yana jan ƙafa, ya ƙi yarda in riƙe shi. Aka zaunar da ni a baranda kan kujerar roba, ƙarƙashin wata fanka da ke juyawa ba iska. Sakataren ɗaya ƙungiyar na zaune daura da ni yana danna waya, ko kallona bai yi ba. Aka kira Ciyaman da Koci suka shiga, aka ce ni ne na gaba.

Ko minti biyar ba a yi ba ƙofar ta buɗe. Koci ya fito ya ce, "Tashi mu tafi. Ba sai ka shiga ba." Ciyaman ya fito a bayansa ya wuce mu kamar bai taɓa ganinmu ba, yana sauka yana kiran wani a waya. Daga baya na ji yadda aka yi. Tambaya ɗaya shugaban zaman ya yi masa: ranar ruwan, wa aka ba kati? Ya ce Almakashi, minti na ashirin da shida.

Na tuƙa shi har ƙofar gidansa, idona a kan titi. Da zai sauka ya ce, "Direba." Ban juyo ba. Ya ɗan jira, sannan ya sauke ƙafar, ya rufe ƙofa a hankali.

Aka ƙwace maki uku, muka faɗa, waɗancan suka tsira. Ciyaman ya cika maganarsa, wannan kam ba zan hana shi ba. Cikin wata ɗaya ya rufe ƙungiyar. 'Yan wasa shida suka samu wasu ƙungiyoyin, sauran suka watse. Gola yana gadi a wani otal, Almakashi yana lodin siminti, mai yankan ciyawa ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauye. Kafin shekara ta zagayo an rushe matakalar 'yan kallo har da ɗan ofishin da ke ƙarƙashinta, yanzu layin shagunan kayan gini ne a wurin. Motar wata makaranta ce ta saya, nakan gan ta da safe cike da yara. Ni tankar ruwa nake ja, wata rana a samu aiki, wata rana a wuni a zaune.

In kuna zaton garin ya yaba masa, to ba ku san mutane ba. Wasu suka ce sayar da mu ya yi. Wasu suka ce tsufa ne, mutum ya kasa ƙirga biyar. Sunan Katanga ya ɓace, ya koma Koci Huɗu, in ya wuce majalisa sai wani ya ɗaga yatsu huɗu a kwashe da dariya. Ba ƙungiyar da ta neme shi, domin masu ƙungiyoyi wasu suna gudun kocin da ya yi kuskure, wasu kuma suna gudun wanda ba zai rufa musu asiri ba. Ni ma ban raga masa ba. Duk inda na zauna sai in ce ya sayi mutuncinsa da abincin mutum arba'in, ya fita da farar rigarsa ya bar mu a rana. Wata bakwai ban taka gidansa ba. Matata ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi fushi, har ta gaji.

Sai da hawan jini ya kayar da shi aka kwantar da shi asibiti kwana huɗu, sannan ta ce in ban je na duba yayanta ba kada in ƙara kiran sunanta. Na je da la'asar bayan an sallame shi. Yana zaune a tsakar gida kan kujerar katako, ya miƙe ƙafar a kan bokiti, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Malama ta kawo mini ruwa ta koma ciki. Na yi masa ya jiki, ya amsa. Na yi niyyar in tashi, amma abin da na yi wata bakwai ina taunawa ya ƙi haɗiyuwa.

Na ce, "Yaya, ni dai ka faɗa mini. Da ka shiga ɗakin nan, ba ka tuna da mu ba? Ko sau ɗaya? Sunanka ya fi 'ya'yana?"

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Kai ma haka ka ɗauka? Ka ɗauka ƙi na yi?"

"To me ka yi?"

"Kurma na shiga in ce. Wallahi Kurma na shiga in ce. Shafin ma na yage shi na ƙona tun ana jibi zama. Kwana takwas ina maimaitawa, kamar yadda na hango ka kana yi a mota. Mutumin ya tambaye ni, na buɗe baki, sai na ji ina cewa Almakashi, har da minti. Ban san ta inda ya fito ba. Na so in gyara, na ga ya riga ya rubuta."

Wata bakwai ina jin haushin wani mai girman kai da ya zaɓi mutuncinsa ya bar mu, ashe ma babu wannan mutumin. Wanda ke gabana tsoho ne da ya yi kuskure a aikinsa, ya yarda ya zubar da abu ɗayan da ya mallaka don ya gyara, nan ma ya kasa. Tausayinsa ya kama ni, kuma ban so ba, don haushin ya fi sauƙin ɗauka.

Na ce, "To ai ko ba komai gaskiya ka faɗa." Ban san me ya sa na faɗi haka ba, ni da na zo da faɗa a bakina.

Ya girgiza kai. "Kada ka ba ni wannan, Direba. Malama ma ta gwada. Da za a sake kirana gobe, ƙaryar zan so in yi." Ya sa hannu biyu ya gyara ƙafar a kan bokitin. "Kuma na san ba zan iya ba."